Daga ina John Cena ya samu dukiyarsa?

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto yana cewa: "Mun daɗe muna musu da abokaina a gidan kallo a kan John Cena. Wasu sun ce kambun duniya da ya lashe sau 17 ne ya azurta shi, domin duk wanda ya ɗauki bel ana ba shi maƙudan kuɗi. Shin haka ne, kuma nawa ya mallaka?"

Amsa: Malam, abokanka sun auna resilin da ma'aunin kokawar gargajiya, inda gwanin da ya kayar da kowa, kamar yadda ake yi a gasar takobi ta Nijar, yake tafiya gida da kyautar da ƙarfinsa ya ciwo masa. A WWE, kamfanin resilin na Amurka da Cena ya yi wa wasa, ba haka abin yake ba, domin tun kafin a shiga fili masu tsara shiri sun riga sun yanke wanda zai yi nasara, kuma bel ɗin ba ya zuwa da wata kyautar kuɗi. Kamfanin yana ɗora kambu ne a kan wanda ya ga yana cika masa zaure da 'yan kallo, saboda haka kambun shaida ce ta cewa mutum yana kawo kuɗi.

An haifi John Cena a ranar 23 ga Afrilu, 1977, a garin West Newbury na jihar Massachusetts da ke Amurka. Bayan ya kammala karatu a kwalejin Springfield ya koma Kalifoniya da burin yin suna a harkar gina jiki, inda ya yi aiki a gidan motsa jiki, har akwai lokacin da mota ce makwancinsa. Ya fara koyon resilin a 1999, kuma ya fara fitowa a shirin SmackDown na WWE a watan Yunin 2002, inda ya kara da Kurt Angle. Farkon bai yi armashi ba, har ya kusa rasa aikinsa, sai da aka ji shi yana rera waƙar gambara a cikin motar da 'yan wasa ke tafiya, aka mai da wannan baiwa ta zama salonsa a fili. A 2005 ya doke JBL ya ɗauki kambun WWE na farko, kambun duniya na 17 kuwa ya zo a watan Afrilun 2025, lokacin da ya doke Cody Rhodes.

Kuɗin ɗan wasan WWE yana zuwa ne ta hanyar kwantiragi mai ƙayyadadden albashi na shekara, da ƙari daga manyan wasanni, da kuma kaso daga kayan da aka sayar masu ɗauke da sunansa. A nan ne Cena ya yi wa tsararrakinsa fintinkau. Duk wanda ya kalli wasanninsa zai tuna yaran da ke cike da zaure sanye da riga da hula da ƙyallen hannu masu launi ɗaya da nasa, kuma da zarar ya sauya launi sai iyaye su sake komawa wurin sayayya. Wannan kasuwa tana cikin manyan dalilan da suka sa kamfanin ya riƙe shi a matsayin jarumin kirki kusan shekara ashirin, duk da cewa manyan maza da yawa suna yi masa ihu a fili. Mujallar Forbes ta ƙiyasta cewa a shekarun da yake ganiyarsa yana samun kusan dala miliyan 10 a shekara daga WWE.

Ina ganin bai kamata a ambaci wannan adadi ba tare da ambaton abin da ya biya da jikinsa ba, domin ko da an tsara sakamako, faɗuwa a kan katako ta gaske ce. A 2007 tsokar ƙirjinsa ta yage, a 2008 aka yi masa tiyata a wuya. 'Yan wasan WWE kuma ana ɗaukarsu a matsayin 'yan kwangila ne ba ma'aikata ba, wanda ya sa da yawa daga cikinsu suke biyan kuɗin masauki da inshorar lafiya daga aljihunsu.

Sauran dukiyar ta fito ne daga tallace-tallace da finafinan Hollywood, waɗanda ya mai da hankali a kansu tun daga wajen 2015, har ya fito a jerin finafinan Fast & Furious a 2021. Game da jimillar abin da ya mallaka, shafukan da ke lissafin dukiyar shahararru sukan ambaci kimanin dala miliyan 80, sai dai wannan ƙiyasi ne na masu hasashe, don haka kada ka kafa hujja da shi a matsayin tabbataccen adadi. Abin da ke rubuce shi ne cewa a 2022 kundin Guinness ya tabbatar masa da tarihin cika burin yara marasa lafiya 650 ta hannun gidauniyar Make-A-Wish, adadin da babu wanda ya kai. Ya yi wasansa na ƙarshe a ranar 13 ga Disamba, 2025, a birnin Washington, inda Gunther ya yi nasara a kansa.