Likita, Za A Cire Mini Nono: Me Zai Iya Biyo Baya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. An gano ina da sankarar mama, an ce sai an cire nonon hagu gaba ɗaya. Na ji ana cewa hannu yana kumbura bayan aikin. Da gaske ne? Me kuma zan kula da shi? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Da gaske ne, amma ba kowa yake samu ba.

Kumburin yana zuwa ne idan an cire kaluluwar hammata, waɗanda su ke kwashe ruwan da ke taruwa a hannu. Idan an kwashe su da yawa, kusan mace ɗaya cikin biyar kan samu kumburin. Idan ɗaya zuwa uku kawai aka ciro don gwaji, haɗarin yana raguwa sosai. Gasa hammata da na'urar kashe sankara (radiotherapy) da kuma ƙiba suna ƙara shi. Yana iya ɓullowa bayan watanni, har shekaru. Alamar farko ƙarama ce: zobe ko awarwaro ya fara matse ki, hannun ya yi nauyi. Kada ki jira ya girma, domin da wuri safar hannu mai matsewa da tausa ta musamman sun fi yin aiki. Ki kiyaye hannun daga yanka da ƙuna.

Abin da ya fi yawa kuwa shi ne taruwar ruwa a ƙarƙashin ɗinki. Shi ya sa ake barin siririyar roba tana tsiyayar da shi mako ɗaya zuwa biyu, a cire ta idan ruwan ya koma ƙasa da mililita 30 a awa 24. In ya sake taruwa, da sirinji ake zuƙe shi.

Fatar ƙirji da cikin damtse kan daina ji saboda jijiyoyin da aka yanke, wasu kuma su riƙa jin zogi kamar nonon yana nan. Kafaɗa na iya sagewa, don haka ki riƙe motsa jikin da za a koya miki.

Ciwon suga da shan taba suna hana fatar warkewa, har gefenta ya yi baƙi. Ki daidaita suga kafin aiki, ki kuma faɗa wa likita idan kina shan asfirin ko maganin tsinka jini.

Ki koma asibiti nan take idan wurin ya yi ja da zafi, ko yana fitar da mugunya, ko zazzaɓi ya kai digiri 38, ko wurin ya kumbura farat ɗaya, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya.