Likita, wai ciwon suga gadonsa ake yi?

Tambaya: Salam likita, daga wani ƙauye kusa da Ringim nake, babanmu da yayarsa duk suga ce ta kwantar da su, yanzu yayana ma an auna an ce yana da ita alhali manomi ne ko lemon kwalba bai damu da shi ba, wallahi abin na damuna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba su lafiya. E, akwai gado a ciki. Insulin wani sinadari ne da wata gaɓa a bayan tumbi mai suna fankiriyas take fitarwa, shi ke shigar da suga cikin tsoka, to wasu ƙwayoyin gado sukan sa ta yi nawa wajen sakinsa. A 2006 masu bincike a Aisland suka gano rawar wata ƙwayar gado mai suna TCF7L2, wadda ke ƙara haɗarin kawai, ba dole mai ita ya kamu ba. Akwai kuma wani nau'in ciwon suga na gado mai suna MODY, ba shi da yawa, yakan bayyana kafin shekara 25 kuma in uwa ko uba na da shi, yiwuwar ɗa ya gada kashi 50 cikin 100 ce. Don Allah ka je asibiti da sassafe kafin ka sha koko a auna ka, in sugan jininka ya kai 126 mg/dL a sake aunawa.