Mafarkin yara cikin haɗari

Ƴar'uwa kin ce kin ga yaranki suna nutsewa a ruwa kina ta ihu ƙafarki ta ƙi ɗaguwa, to kwantar da hankalinki, ba wai wani abu zai same su bane. Yawanci damuwar da kika kwana da ita ce, yaro a mafarki kan nuna abin da kike tsoron ya kuɓuce miki, ruwan kuma ɗawainiyar da ta sha kanki. Ƙafar ma daga jiki ne, lokacin mafarki tsokoki a sake suke shi yasa gudu ke gagara.

Hadisi ya ce kiyi tofi sau uku ta hagu, ki nemi tsari daga Shaiɗan, ki juya kwanciya, kar ki ta baza labarin. In yana maimaituwa har barci ya gagareki, ki ga likita.