Giya a Ingila da Amurka: amsar tambayar Yaya

Yaya, bayan gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya a gida. Na ga saƙonka kan yaron nan, cewa makarantu biyu sun ba shi gurbi, ɗaya a Ingila ɗaya a Amurka, kana kuma son sanin inda giya ta fi yin katutu. Ka ƙara da cewa an ce mu da muka daɗe a nan har mashaya muke shiga. Zan amsa duka biyun, ba rufa-rufa.

Mu a gida Bature Bature ne, amma a zancen giya tafiyar mutumin Ingila daban, ta Ba'amurke daban.

A nan Ingila mashayar unguwa ita ce teburin mai shayinsu. Nan ake haɗuwa bayan an tashi aiki, a yi musun ƙwallo, a ji wa ya rasu, wa ya haihu. Ranar Lahadi za ka ga magidanci da matarsa da 'ya'yansa, wani har da kare, sun je cin gasasshen nama da dankali. Wasu dararen kacici-kacici ake yi. In an dawo daga binne mamaci, sau da yawa can ake zama. Kai, har cikin ginin majalisar dokokinsu da ke Landan akwai mashaya. Don haka in abokin aiki ya ce maka ka zo a je a ɗan sha wani abu ranar Juma'a, yawanci yana nuna maka ne cewa ka zama ɗan gida.

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne yadda suke biya. Ba wanda zai zo teburinku ya tambayi abin da kuke so. Kai za ka tashi ka je kanta. Kuma ba kowa ke sayen nasa ba, karɓa-karɓa ake yi. In ku biyar ne, ɗaya zai miƙe ya tambayi kowa abin da yake sha, ya biya, ya ɗauko. Kofuna na ƙarewa na biyu ya miƙe, haka har ya zagayo. Wanda ya sha na mutane ya sulale kafin layi ya zo kansa, ba mai ce masa uffan, amma fa kowa ya gane shi, kuma maganar za ta daɗe tana bin sa a ofis. Ka lissafa da kanka: mutum biyar, kofi biyar ke nan a cikin kowa, ga shi kofinsu mililita 568 yake ci, na Amurka 473. Al'adar ta yi ƙarfin da a 1915, ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya, sai da gwamnati ta hana mutum ya saya wa wani giya, don ma'aikatan masana'antun makamai suna makara wajen aiki. Yaƙi na ƙarewa aka koma gidan jiya.

Amurka kuwa da coci ta taso. Limaman coci da ƙungiyoyin mata sun daɗe suna yaƙi da giya, har suka sa aka gyara tsarin mulki aka haramta yin ta da sayar da ita a duk ƙasar daga 1920 zuwa 1933. Dokar ba ta yi tasiri yadda aka so ba, 'yan fasa-ƙwauri irin su Al Capone na Shikago ne suka yi kuɗi. Amma ta bar tabo. Jihar Misisifi ba ta janye nata haramcin ba sai 1966, kuma har yau a kudancin ƙasar akwai ƙananan hukumomin da ba a yarda a buɗe shagon giya ba. Tun dokar 1984 sai mutum ya cika shekara 21 ake sayar masa. Ɗan shekara 19 zai iya shiga soja, amma kanti ba zai ba shi kwalba ba. A yawancin garuruwa laifi ne ka riƙe buɗaɗɗiyar kwalba a titi. A Ingila shekara 18 ce, ɗan 16 ma yana iya sha a wurin cin abinci in babba ne ya saya masa, kuma rana na fitowa za ka ga mutane a kan ciyawa da gwangwanayensu.

Lokacin da aiki ya kai ni Teksas na ga bambancin da idona. Muka zauna cin abincin dare, mai hidima ya zo, kowa ya faɗi nasa, na ce lemo. Ko ɗaga kai ba wanda ya yi. A can mutane da yawa ba sa sha: 'yan cocin Baftis na kudu, mabiya cocin Momon na jihar Yuta, har shugabanninsu Trump da Biden ba sa taɓawa, Bush ƙarami kuma ya daina tun kafin ya hau mulki. Sai dai akwai wani dalilin shirun. Ba'amurke in ya ji ka ce ba ka sha, yakan zaci ko ka taɓa faɗawa shaye-shaye ne ka tuba, shi ya sa yake kawar da kai don kada ya fama maka ciwo. Mutumin Ingila shi tambaya zai yi, cikin raha: mota ka zo da ita ne, ko magani kake sha, ko guda ɗaya ma? Shi in wani ya yi tatul a bikin Kirsimeti na ofis, abin dariyar ranar Litinin ne. Ba'amurke abin kunya yake ɗaukar sa, wani lokaci har ya shafi aikin mutum.

Yanzu zancenmu. Ba mu zama ɗaya ba, Yaya. Akwai waɗanda ko ƙofar mashaya ba sa takawa, hujjarsu hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya, kuma ni ban ga wanda zai ce sun yi kuskure ba. Suna biyan farashinsa, domin a irin wannan zaman ne ake fara jin ƙishin-ƙishin ɗin gurbin da zai buɗe da wanda za a ƙara wa girma. Akwai kuma masu leƙawa in ana sallamar abokin aiki, su gaisa, su sha lemo ɗaya, su fice kafin muryoyi su fara tashi. Ina cikin waɗannan, kuma malaman masallacinmu na Manchesta ba duka ne suka yarda da mu ba. Inda kusan duk muka haɗu shi ne karɓa-karɓar nan: ba mai saya wa wani giya da kuɗinsa, tunda tsinuwar da ta zo a hadisi kan giya ta haɗa har da mai saye da mai ɗauka. Tun kafin a zauna nake cewa ni ban da ni a zagayen, zan sayi nawa. In an faɗa da wuri da sakin fuska, ba sa jin haushi. Ɓoye-ɓoye da ƙaryar ciwon ciki su ne ke jawo naci. Daga baya sai ka gayyace su cin abinci a unguwar Rusholme ta nan Manchesta, inda gidajen abincin halal suke jere, ka biya, an yi raba-gardama.

Wani abin da sabon zuwa ba ya sani: tana shiga abinci. Wani kifin da suke soyawa da giya ake kwaɓa fulawarsa, akwai ta a miyar wasu naman, haka ma kek ɗin Kirsimeti. Sai an tambaya.

Abubuwa suna sauyawa kuma. Samarinsu ba sa sha kamar iyayensu, tun 2013 ake kamfen ɗin ƙaurace wa giya duk watan Janairu, kuma Sadiq Khan magajin garin Landan ba ya sha, kowa ya sani.

Game da yaron, ra'ayina shi ne matsin lamba a fili ya fi yawa a Ingila. Makon farko na jami'a kusan duk shagalinsa a kan giya aka gina shi, ƙungiyar ɗalibai ma tana da mashayarta a cikin makaranta. Amma kada shekara 21 ɗin Amurka ta ruɗe ka. Ɗalibansu suna sha sosai, sai dai a gidajen haya da ɗakunan kwana, inda babu babba ko ɗaya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ni da zan zaɓa, karatun zan fara dubawa, sannan in ga ko makarantar tana da ƙungiyar ɗalibai Musulmi mai rai, da masallaci kusa, da ɗakunan kwanan da aka ware wa marasa sha, don wasu jami'o'in nan suna da su in an nema da wuri. Ka turo min sunayen makarantun biyu in bincika, ka kuma ce ya kira ni mu yi magana ni da shi. A gaida Hajiya da yara.