Jaane Jaan ba kwafin Drishyam ba ne, amma ƙarshensa ya ci haƙƙin wani

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin kalli Jaane Jaan na Kareena Kapoor, sai kika tarar mutane sun rabu gida biyu a kansa: wasu na ta kambama shi, wasu na cewa Drishyam ne kawai aka sauya wa riga, kina kuma son sanin ko littafin da aka ɗauko labarin daga ciki ya isa a wahala a nema. Na karanta littafin a fassarar Turanci tun kafin a yi fim ɗin, na kuma kalli fim ɗin, to bari in sa baki. Wanda bai kalla ba ya tsaya a nan, don ƙwai zan fasa gaba ɗaya, kada a zo ana yi mini Allah ya isa.

Maganar kwafa ita ce mai sauƙi. Littafin sunansa The Devotion of Suspect X, wani marubucin Japan mai suna Keigo Higashino ne ya fitar da shi a 2005, ya kuma ci masa kyautar Naoki, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan adabi na ƙasar. An fassara shi zuwa Turanci a 2011. Drishyam na farko, na harshen Malayalam da Mohanlal ya fito a ciki, a 2013 aka yi shi, na Ajay Devgn da Tabu kuwa a 2015. Kin ga ke nan labarin da Jaane Jaan ya tsaya a kai ya girmi Drishyam da shekara 8. Hasali ma lokacin da Drishyam ya fito shi aka riƙa zargi da leƙa littafin, daraktansa Jeethu Joseph ya musanta. Kafin Sujoy Ghosh, daraktan Jaane Jaan, ya yi nasa fim ɗin a kan littafin a 2023, mutanen Japan sun yi a 2008, Koriya ta Kudu a 2012, Sin a 2017. Mu dai Drishyam muka fara gani, shi ya sa duk fim ɗin da aka ɓoye gawa aka wahalar da 'yan sanda sai mu ce ɗansa ne.

Kuma dabarar ma ba ɗaya ba ce, nan ne nake ganin masu gardamar ba su zauna sun kalla da kyau ba. A Drishyam ƙarya aka gina. Vijay, jarumin fim ɗin, ya kwashi iyalinsa ya kai su garin Panaji bayan an riga an yi kisan, ya tara tikitin mota da na silima da rasidin abinci, sannan ya bi shaidu ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu ranar 2 ga Oktoba a kai har suka yarda ranar suka gan su. Iyalin sun san ƙarya suke yi, shi ya sa ya zaunar da su yana koya musu yadda za su jure duka. A labarin Jaane Jaan kuwa, malamin lissafin da ke maƙwabtaka da matar da ta yi kisan, wanda ya rufa mata asiri, bai sa ta yi ƙarya ko ɗaya game da daren da ake tambayarta ba. A littafin ranar 9 ga Maris ta kashe tsohon mijinta. Washegari, 10 ga wata, malamin ya ce ta ɗauki 'yarta su je silima, su ci taliya, su je gidan waƙa, kuma da gaske suka je. Shi kuma a daren ya samo wani bawan Allah marar gida, ya kashe shi da irin wayar da aka shaƙe mijin da ita, ya farfasa fuskar, ya ƙone yatsun, ya bar alamun da za su sa 'yan sanda su ɗauka gawar mijin ce. Likita ya duba ya ce ranar 10 mutumin ya mutu, kuma gaskiya ya faɗa. Matar ta ce ranar 10 tana silima, ita ma gaskiya ta faɗa. Ita kanta mamaki take yi me ya sa 'yan sanda suka nace wa ranar 10. Ba shaida aka juya ba, gawar aka musanya.

To a nan ne ni da masu tafi muka raba hanya.

Na zauna a majalisa ana hirar fim ɗin, wani abokinmu har da dafa ƙirji yana cewa wallahi wannan Malam ya iya soyayya, ya sadaukar da rayuwarsa saboda matar da ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Na tambaye shi, to almajirin da ya kashe fa? Sai ya yi shiru, can ya ce wane almajiri. Ya manta da shi ɗungurungum. Ban ga laifinsa sosai ba, don fim ɗin ne ya shirya masa mantuwar. Mutumin ya zo ya wuce cikin 'yan daƙiƙoƙi a ƙarshe, lokacin da ake warware mana dabarar, kiɗa na tashi, hankalin mai kallo na kan “kai, wannan mutum akwai ƙwaƙwalwa”.

Littafin bai yi haka ba. Shafukan farko ma da marasa gidan aka buɗe. Malamin, wanda a can sunansa Ishigami, kullum da safe yana bin gefen kogin Sumida a Tokyo zuwa makaranta, yana wuce bukkokin da suka kafa da shuɗiyar leda. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, har ya raɗa musu sunaye a zuciyarsa. Akwai mai matse gwangwanaye, akwai kuma wani sabon zuwa da yake kira Injiniya, saboda ya taɓa ganinsa yana karanta mujallar masana'antu, yana aske gemunsa, bai riga ya fid da rai da samun aiki ba. Mai karatu zai wuce wurin yana zaton ado ne kawai na marubuci. Sai can gaba a sake bin hanyar, bencin da Injiniya ke zama babu kowa. Lokacin da gaskiya ta fito, za ki gane an nuna miki mutumin tun farko, kin kuma kau da kai kamar yadda kowa a garin ya kau da kai, kuma wannan kau da kan shi ne abin da malamin ya dogara da shi. Ya zaɓi wanda ya san ba mai cigiyarsa. Wannan ba soyayya ce kawai ba, akwai rashin imani mai sanyi a ciki, kuma marubucin ya so ki ji duka biyun a lokaci ɗaya.

Sai ƙarshen. A fim, malamin, wanda a nan sunansa Naren, ya kai kansa ga hukuma, ya nuna shi mahaukacin masoyi ne da ke bibiyar matar, wato Maya, aka rufe shi, Maya da 'yarta Tara suka tsira, shi kuma ga shi a kurkuku ya koma wa lissafinsa hankali kwance. Kowa ya samu abin da yake so. A littafi kuwa abokinsa ya gano komai, ya je ya gaya wa matar, Yasuko, abin da aka aikata da sunanta. 'Yarta, wadda da hannunta aka danne uban riƙon nata, ta kasa ɗaukar nauyin abin har ta yi yunƙurin kashe kanta. Yasuko ta tafi ofishin 'yan sanda da ƙafarta, ta durƙusa a gaban malamin tana kuka, ta ce ba za ta iya jin daɗi ita kaɗai ba. Shi kuma, mutumin da tun farkon littafi ko girarsa ba ta motsa ba, ya fasa wata irin kururuwa. Duk ginin da ya yi ya rushe, ba don ya yi kuskuren lissafi ba, sai don bai sa zuciyar matar a cikin lissafin ba. Rai biyu sun tafi, shi yana ɗaure, ita ma za a ɗaure. Alhaki kwikwiyo ne, a littafin ya bi mai shi har gida. A fim an ɗaure kwikwiyon a bakin ƙofa.

Na san abin da za a ce mini, don matata ma ta faɗa. Ta ce ita Maya me ta yi? Mugun miji ne, ɗan sanda maciyin amana, ya biyo ta har Kalimpong bayan shekaru tana gudunsa, ya shigo mata ɗaki yana barazana da 'yarta. Mace ta kare 'yarta, sai kuma a ƙare fim da ita a gidan yari don a burge masu karatun littafi? Wannan magana ce mai ƙarfi, kuma na lura yawancin matan da na ji ra'ayinsu nan suka tsaya. Ni ma ban ce lallai sai an ɗaure Maya ba. Da ta kira 'yan sanda a daren, shari'arta daban ce, don kare kai ne ko abin da ya yi kusa da shi. Abin da nake cewa shi ne an saya mata 'yanci da jinin wanda bai ji ba bai gani ba, fim ɗin kuma bai bari wannan nauyin ya sauka a kan kowa ba. Ko a ce ta sani ta zaɓi yin shiru saboda Tara, mu ga yadda shirun ke cin ta, da an yi fim. Kareena za ta iya wannan wasan, ba a ba ta ba ne.

Wani abin da ya rage wa fim ɗin ƙarfi, wanda ba kowa ke ambata ba, shi ne haɗe mutum biyu da aka yi a jikin Vijay Varma, wanda ya fito a ɗan sanda Insifekta Karan. A littafi akwai ɗan sanda Kusanagi, akwai kuma Yukawa, malamin kimiyyar fiziks a jami'a, wanda suka yi karatu tare da Ishigami, kuma shi kaɗai ne ya san girman ƙwaƙwalwarsa. Karawar tsakanin waɗannan biyun take. Yadda Yukawa ya fara zargi ma abin sha'awa ne: suna tafe tare, Ishigami ya kalli inuwarsu a gilashin ƙofa, ya yi wata 'yar magana cewa abokin nasa bai tsufa ba, gashinsa na nan. Yukawa ya san wannan mutum bai taɓa damuwa da kamanninsa ba a rayuwa. In ya fara duba sanƙonsa, to akwai mace. Daga wannan ɗan zaren ya warware komai, yana warwarewa yana baƙin ciki, don abokinsa yake kai wa ga igiya. A fim an bar sanƙon, Jaideep Ahlawat, wanda ya fito a Naren, yana ta fama da 'yan silallan gashinsa a gaban madubi, amma Insifekta Karan ba sa'an Naren ba ne a tunani. Ga shi kuma an sa shi ma ya faɗa son Maya, har da zuwa gidan waƙa tana rera masa tsohuwar waƙar nan ta Lata Mangeshkar da Helen ta taka a 1969, wadda daga ita fim ɗin ya samo suna. Wurin ya yi kyau a ido, ban musa ba. Amma ɗan sandan da ke lumshe ido yana kallon wadda yake bincika ba zai ba mai kallo tsoron cewa asiri zai tonu ba.

Kada ki ɗauka kushe fim ɗin nake yi baki ɗaya. Jaideep Ahlawat ya yi abin da ya fi ƙarfin yabo. Wanda ya san shi a Paatal Lok zai sha mamakin yadda ƙaton mutum irin wannan ya naɗe jikinsa, kafaɗa a sunkuye, yana zuwa shagon Maya kullum ya sayi soyayyiyar shinkafa da ƙwai, ya kasa haɗa ido da ita, ma'aikatan shagon na dariya ƙasa-ƙasa. Kina tausayinsa kina kuma jin tsoronsa, ba ki san wanne za ki riƙe ba. Garin Kalimpong ma, can cikin duwatsun arewacin Bengal ta Yamma kusa da Darjeeling, da hazonsa da 'yan lungunansa masu hawa da gangara, ya dace da labarin. Kareena kuma ta ajiye kwalliyar da muka saba ganinta da ita, ta fito a uwa mai firgici, kuma wannan ne fim ɗinta na farko da aka saki kai tsaye a Netflix, ranar 21 ga Satumba, ranar haihuwarta. Masu cewa fim ɗin na tafiyar hawainiya, babu faɗa babu rawa, su kam da ma ba nasu ba ne. Mu da muka taso da fim ɗin Indiya na silimar Plaza da Marhaba mun saba sai jarumi ya daki mutum goma kafin mu ce kuɗinmu ya fita, wannan kuwa tun cikin rabin awar farko an nuna miki wanda ya yi kisan, abin da ya rage shi ne yaya aka yi aka ɓoye.

Shawara ɗaya, in mai fassarar Hausa za ki sake nema don 'yan gida, ki yi hattara. Irin wannan labarin a kan ranaku da 'yan kalmomi yake tsaye, in mai fassara ya cusa barkwancinsa a wurin da ake tambayar Maya ina take a daren, ko ya yi wa kwanan wata sakaci, dabarar gaba ɗaya ta tafi, a tashi ana tambayar juna me ya faru.

Littafin kuwa ki neme shi, ko da kin riga kin san sirrin. Turancinsa mai sauƙi ne, ba shi da kauri sosai, sunayen Japanawan ne kawai za su ɗan ba ki wuya a farko. Sanin ƙarshen ma wata riba ce, don za ki riƙa ganin inda marubucin ya ajiye kowace alama a fili, har da wurin da malamin ke bayanin yadda yake shirya wa ɗalibansa jarrabawa, ya ba su tambayar da ta yi kama da wani fannin lissafi alhali ta wani fannin ce daban, wato dai abin da ya yi wa 'yan sanda ke nan yake faɗa musu da bakinsa. In kuma karatun ba zai samu ba, ki nemi fim ɗin Japan na 2008, Suspect X, wanda Shinichi Tsutsumi ya fito a malamin. Sun ƙara nasu, har da hawan dutse cikin ƙanƙara wanda babu shi a littafi, amma ba su taɓa ƙarshen ba, matar ta zo ofishin 'yan sandan.