Mai farfaɗiya da ciwon baya: wane magani za a saya masa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Maigidana yana da farfaɗiya, shekara 6 ke nan yana shan sodium valproate, kuma alhamdulillahi ciwon ya lafa. Yanzu ciwon baya ne ya sa shi a gaba, kusan kullum sai ya haɗiyi diclofenac ko ibuprofen. Na ji an ce masu farfaɗiya sun fi saurin zubar da jini ta ciki. Da gaske ne? Me zan riƙa saya masa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa maigida lafiya.

Maganar tana da tushe. Wani bincike da aka yi a Taiwan, aka wallafa a 2013, ya bi bayanan inshorar lafiyar ƙasar, ya tarar zubar jini a ciki da hanji ya fi yawa ga masu farfaɗiya a kan waɗanda ba su da ita. Sai dai irin wannan bincike yana nuna abubuwa biyu suna tafiya tare ne kawai. Mai yiwuwa magungunan da ake sha, ko wata cutar da ta haɗu da farfaɗiyar, su ne ke da hannu.

A nan wasiƙarki ta tayar mini da hankali. Valproate yakan rage ƙwayoyin jinin da ke toshe rauni idan mutum ya yanke, musamman in adadin da ake sha yana da yawa. Diclofenac da ibuprofen kuwa suna hana ciki yin yauƙin da ke kare bangonsa daga ruwan tsamin da ke narka abinci. Ɗaya na ƙwarzanar ciki, ɗayan na hana jinin tsayawa. Asfirin ma kada ki kusance shi, domin ban da wannan yana ƙara ƙarfin valproate a jini.

Ki sayi farasitamol. Babba kada ya wuce giram 4 a rana, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, kuma ki riƙa karanta bayan kwalin maganin mura, don da yawansu akwai farasitamol a ciki. Hanta ce ke sarrafa shi, ita ce kuma ke sarrafa valproate, kada a ɗora mata kaya. Diclofenac na shafawa ya fi na sha sauƙi ga ciki. Ciwon bayan da ake sha wa magani kullum, ni a ganina, na likita ne. Ku roƙe shi ya auna ƙwayoyin jinin. Valproate ɗin kuma kada maigida ya daina shi da kansa, farfaɗiyar za ta iya dawowa da ƙarfinta.

Idan kika ga bayan gidansa baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da ɗoyi, ko aman jini, ko jiri in ya miƙe, ko cikin idonsa ya yi fari fat, ku tafi asibiti a ranar. Maganin ƙarin jini ma yakan baƙanta bayan gida, amma likita ne zai bambanta muku.

Tambaya: Malam, ƙanena yana da farfaɗiya. An ce tramadol ba ya taɓa ciki, in saya masa?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Tramadol yana iya tayar da farfaɗiya har ga wanda bai taɓa yin ta ba, balle ƙanenka.