Yadda za ka auna hoton bangon wasanka

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka gane ko hoton bangon wasanka na kwamfuta zai ja masu saye, tunda abokanka duk sun yaba shi. Su a babban allo suka gan shi, alhali mai saye yakan ci karo da shi ne ɗan ƙarami a cikin dogon jerin wasanni, yana wucewa da sauri. Ka rage hoton har ya kai faɗin yatsu biyu, ka duba ko sunan yana karantuwa; idan haruffan sun saje da launin baya, aikin bai kammala ba, komai kyan zanen.

Abin da ya fi damuna shi ne ko baƙo zai gane irin wasan cikin daƙiƙa biyu: na tsere ne, ko na ban tsoro? Hoton da ya nuna abin da babu a wasan yakan jawo masu neman a mayar musu da kuɗinsu. Ka kuma tuna, tun Satumbar 2022 kamfanin Valve ya hana sanya makin masu sharhi da lambobin yabo a kan waɗannan hotuna a Steam, dandalinsa na sayar da wasannin kwamfuta.